Ranar da ƙafata ta gaisa da surukina

Tunda Gola ya riga ya baza labarin a gurup kuma kowa sai ƙara masa gishiri yake, gara ku ji daga bakina, don wallahi rabin abin da yake faɗa ƙarya ne, ban yi kuka ba kuma ban kira sunan innata ba.

Wasan ƙwallon masu aure da tuzurai na bayan sallah ne, kun san filin, kun san wanda ya riƙe kuɗin ruwa har yau ba a ga ruwa ba. Aka ba ni lamba 7 wai don ina da gudu lokacin muna sakandare, ni ma na yarda, na shiga fili ina jin kaina Ahmed Musa ranar da ya zura wa Iceland biyu a 2018, alhali rabona da gudu tun kafin a haifi babbar 'yata. Tuzurai suka yi mana 4 da nema. Kuma Asabar ɗin nan ce surukina ya ce in wakilce shi ɗaurin aure a Wudil, na tura masa saƙo cewa zazzaɓi ya kwantar da ni.

Daren Asabar garau na kwana har ina cika wa uwargida baki cewa jikin ɗan wasa daban ne. Lahadi da asuba na zo tashi cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Litinin abin ya ninka, sallah a zaune, banɗaki sai na dafa bango ina salati, a wurin aiki kuwa da baya na sauko daga bene mai gadi yana kallona bai ce komai ba, Allah ya saka masa da alheri. Man zafi na sha shi har yara suka daina shiga ɗakin, uwargida ta gasa min da ruwan zafi da tawul tana yi tana tambayata wai ya jikin ɗan wasa.

Da yamma sai ga Gola da ƙaninsa, wannan mai gilashin da ke karatun fiziyo, wato aikin gashi da motsa gaɓɓai a asibiti, yaron kirki wallahi ban san yadda aka yi suka fito ciki ɗaya ba. Ya zo da wata 'yar na'ura mai batir da wayoyi da faci huɗu masu danƙo, ya ce Yaya irinta ake sa wa 'yan ƙwallo. Gola tun kafin a zauna ya fara bayani wai asid ne ya taru min a cinya sai an narkar da shi da wuta, yaron ya ce a'a Yaya wannan tsohon zance ne, asid ɗin da ake faɗa cikin kamar awa ɗaya bayan an tashi wasa jiki ya gama da shi. Ya ce tsamin jiki 'yan ƙananan yagewa ne a zaren tsoka, musamman in tsoka tana miƙewa kuma tana ɗauke da nauyi, irin in kana gudu ka taka burki ko kana saukowa daga bene, shi ya sa saukowa ta fi hawa azaba, kuma ba ya nuna kansa a ranar, tsakanin awa 24 zuwa 72 yake kai maƙura. Na ce to ai ni ina tsakiyar maƙurar kenan, liƙa min kawai.

Ina zaune a kujerar falo daga ni sai gajeren wando da singileti ya manna min faci biyu a gaban kowace cinya. Ya fara da wanda suke ce wa TENS, kuma gaskiya wannan ba ni da ƙorafi a kansa, wani zirrr kake ji kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata, daɗi ma gare shi, kafin ka ankara ka manta da tsamin. Ya ce wasu masana biyu Melzack da Wall tun 1965 suka yi bayanin cewa saƙon ciwo yana da ƙofar da yake bi a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa, in ka cika ƙofar da wani saƙon daban na ciwon sai ya rasa hanya, shi ya sa in ka buge gwiwa kake murza wurin ba tare da kowa ya koya maka ba. Kuma yaron bai yi min ƙarya irin ta masu tallan magani a bayan mota ba, ya ce Yaya ba warkar da kai zai yi ba, sauƙin ɗan lokaci ne, tsami da kansa yake tafiya cikin mako guda ko ka sa na'ura ko ba ka sa ba. Da a nan aka tsaya da yanzu ina da mutunci a gidan surukai.

Gola ne ya ɗauki na'urar yana jujjuyawa ya ce wannan kuma na meye da aka rubuta Rasha. Yaron ya ce wannan ba na ɗauke ciwo ba ne, tsokar yake sa wa ta ɗaure da kanta ko kana so ko ba ka so, wani masanin Tarayyar Sobiyat Yakov Kots ne ya yi suna da shi a shekarun 1970, wuta ce mai kaɗawa sau 2500 a sakan ɗaya, ya ce 'yan wasansu sun ƙara ƙarfi har kashi 40 cikin 100 amma waɗanda suka gwada daga baya ba su samu yadda ya faɗa ba. Tsarinsa sakan 10 aiki, sakan 50 hutu, sau 10. Gola da ya ji kashi 40 sai ya ce a sa masa, a sa masa ko baɗi ya iya wuce ɗan baya ɗaya. Yaron ya ce tsokar da ta yi tsami ba a takura mata, Gola ya ce kaɗan dai ya ɗanɗana, ni kuma ina jin kashi 40 ɗin nan a raina na ce ɗan taɓa mu ji. Ya sa ƙasa ƙasa, cinya ta ɗan motsa muka yi dariya, sai wayarsa ta yi ƙara malaminsa ne, kun san falona ba netwok, ya fita ƙofar gida.

Abin da ban sani ba a lokacin hutun sakan 50 ɗin nan ba ka jin komai, ko an ƙara ko an rage. Gola ya danna ƙari a ɓangaren dama iya son ransa yana min hira, na'urar kuma in an bar ta kaɗan maɓallanta kulle kansu suke. Yana ajiyewa sai muka ji salamu alaikum daga tsakar gida, muryar da ko a mafarki na ji sai na gyara zama. Baba ne, ya zo dubiyar mai zazzaɓi.

Ban san da wane jikin na fizgo jallabiya daga hannun kujera na zura ba, na'ura da wayoyi duk suka shige ciki, na cusa ta gefen cinya na ja jallabiya har idon sawu. Ya shigo da leda a hannu lemo da ayaba, na yunƙura zan durƙusa cinya ta ƙi, ya ce a'a a'a Malam zauna, mara lafiya ba ya durƙuso. Ya zauna a kujerar da ke fuskantata, ƙaramin tebur a tsakaninmu, uwargida ta kawo fulas ɗin shayi da kofuna ta gaishe shi ta koma bayan labule. Na ce sannu da zuwa Baba, an zo lafiya, ya hanya, ya mutanen gida. Ya ce lafiya lau, ya jikin. Na ce da sau...

Ban ƙarasa ba ƙafata ta dama ta tashi. Ba wai ta motsa ba, tashi ta yi ta miƙe samɓal daga gwiwa, tafin ƙafa ya kalli surukina, babban yatsa yana nuna gemunsa yana rawa. Mutumin da tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko hula ban taɓa cirewa ba, yau ga ni na miƙe masa ƙafa a fuska kuma ƙafar ko silifas babu. Kuma jama'a sakan 10 yana da tsawo. Na kalli ƙafar, ya kalli ƙafar, Gola ya kalli silin. Tsokar da ko taɓawa ba ta so ita ce aka ɗaure tamau, gumi ya karyo min, ina so in yi ihu ina so in ba da haƙuri na rasa wanda zan fara. Sai ta saki ta faɗo ƙasa tim. Na ce ...ƙi Baba, da sauƙi.

Dattijo da kawaici, sai ya yi kamar bai gani ba, ya ce to madalla, an je asibiti kuwa. Ni kuma tuni na fara ƙirge a zuci saboda na san nan da sakan 50 za ta dawo. Kuna cewa me ya hana in cire wayar, to ku faɗa min yadda mutum zai zura hannu cikin jallabiya yana lalube tsakanin cinyoyinsa a gaban uban matarsa, kuma in wayoyi suka fito in ce masa na meye, na zazzaɓi? Ina amsa masa ina ƙirge, an sha magani Baba, talatin da ɗaya, eh maleriya ce suka ce, talatin da takwas, na ɗora hannu biyu a gwiwa na danna da dukkan ƙarfina kamar mai natsuwa yana sauraron nasiha. Ya ce ai ɗaurin auren ma an yi lafiya, na tura ƙanin matarka ya je. Na ce Alhamdu... sai wuta ta zo. Hannu biyu na danne ƙasa, Rasha na ɗagawa sama, lillahi ɗin ya fito da wata siririyar murya da ban taɓa sanin ina da ita ba, ƙafar ta yi rabin hanya tana karkarwa ta tsaya a nan tana gardama da ni, ta hagu ita ma tana ɗan rawa a gefe don kar a bar ta a baya. Labule ya fara motsi. Na san wannan motsin, dariya ce uwar 'ya'yana take yi da mayafi a baki.

Wannan karon Baba bai iya kawaici ba ya ce Malam lafiya ƙafar nan? Kafin in buɗe baki Gola ya ce ai Baba zazzaɓin ne ya sauka ƙafa. Ya faɗa fuskarsa ba alamar wasa, hannunsa kuma yana cikin ledar ayaba.

Shi fa Gola, tunda an zo kansa. Mutumin da matarsa ta yi yaji tun farkon azumi, a ƙa'ida ɓangaren tuzurai ya kamata ya tsaya amma ya nace shi mai aure ne kuma shi zai tsare raga. Ƙwallo ta farko ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce, ta biyu yana gardama da mai rake a bayan raga kan canjin naira ɗari, ta uku ya fito har tsakiyar fili wai zai taimaka wa 'yan gaba, ta huɗu kuwa ni shaida ne kaucewa ya yi saboda yaron da ya buga ƙanin matar tasa ne yana neman a sa baki a biko. Aka tashi wasa ko gumi bai yi ba, washegari mu duka muna tafiya muna dafa bango shi yana yawo a unguwa yana tambayar mutane ya jiki. Famfon ƙwallona yana gidansa tun sallar bara. Wannan mutumin ne yake zaune a falona yana ɓare ayabar dubiyata yana yi wa surukina bayanin cuta.

Baba ya ce a'a wannan ba na zama ba ne, bari a yi addu'a, ya ɗaga hannu muka ɗaga. To hannu na sama, wa zai danne gwiwa? Ina amin ina ƙirge, ina roƙon Allah a zuci ya sa addu'ar ta zama gajeriya, amma kun san Baba in ya fara sai ya haɗa da iyaye da kakanni da shugabanni da damina. Yana kan Allah ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti lafiya ƙafa ta tashi da cikakken ƙarfinta ta ɗauki teburin nan ta ƙasa, fulas ya yi sama ya dawo ya tarwatse, kofuna suka gangara, shayi ya bi kafet har bakin takalminsa. Gola ya shafa ya ce amin.

Daga nan abin ya fita hannuna. Baba ya taso da kansa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, ya durƙusa gabana ya kama ƙafata da hannu biyu yana tofi. Surukina riƙe da ƙafata. Na ce Baba don Allah a bari, ya ce yi shiru Malam, ciwo ba kunya. Yana cikin tofin ta sake tashi a hannunsa, ya danna ta ɗaga ya danna ta ɗaga, hularsa ta karkace, ya ce la haula wannan akwai iska a ciki, ya ɗaga murya ya ce wa 'yarsa ta nemo mai adaidaita a kai ni asibitin ƙashi na Dala, in sun ce ba nasu ba ne a wuce wajen malam. Ita kuma daga bayan labule sai to Baba kawai take iya cewa, muryarta na rawa, shi ya ɗauka kuka take har yana ba ta haƙuri.

Nan yaron ya shigo yana sa waya a aljihu. Ya ga kafet ya ga Baba a ƙasa, ya gaishe shi da ladabi, ba tare da tunanin komai ba ya ɗaga gefen jallabiyata ya zaro na'ura ya kashe, ya duba ya ce kai wa ya ƙara wannan haka. Sannan ya juya ya ce Baba kar ka damu ba komai ba ne, tsamin ƙwallo ne, ranar Asabar ya buga wasa jikinsa bai saba ba.

Baba ya saki ƙafar a hankali ya koma kujera ya gyara hula. Ya ce wace Asabar. Yaron ya ce wannan da ta wuce. Ya yi shiru, ni ina kallon shayin da ke kafet. Can ya ce an ci ko an ci ku? Gola ya ce 4 da nema Baba, suka ci mu. Ya ce Allah ya kyauta.

Ni da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Amma sai ya miƙa hannu ya ce wa yaron mu ga abin. Ya jujjuya ta ya ce ashe minjirya kuka kama kuka sa a akwati. Kun san a Yawuri ya taso, ya fara ba da labarin yadda suna yara in suka je bakin kogi masunta kan jefo musu ita a ce ɗauki, kana taɓawa hannunka ya mutu har kafaɗa manya suna dariya. Yaron da ya samu mai sauraro sai ya ware, ya ce ai babbar minjirya tana iya sakin wuta har wajen bolt 350, kuma tun zamanin Rumawa akwai wani likita Scribonius Largus a ƙarni na farko da yake ɗora wa masu ciwon kai da ciwon gaɓɓai wani kifin teku mai wuta irin haka. Baba ya ce ikon Allah, to gwiwa fa, don tasa ta hagu in sanyi ya shigo ba ta barinsa ruku'u. Yaron ya tambaye shi ko an taɓa sa masa na'urar bugun zuciya, ko yana da farfaɗiya, ya ce masu waɗannan da mata masu ciki ba a sa musu haka kawai, kuma ba a manna ta a gaban wuya ko ƙirji ko kan rauni. Baba ya ce babu ko ɗaya, ya naɗe wando.

Facin da ke cinyata ake buƙata, Gola ya ce bari ya taimaka, ya fizge su ɗaya bayan ɗaya da gashi da komai, a nan ne na ce wayyo, kuma wayyo kawai na ce, duk wanda ya ce muku na ƙara wani abu a kai ƙarya yake. Aka goge aka manna wa Baba a gwiwa aka sa masa mai tururuwar nan, ya jingina a kujerata ya lumshe ido minti 20 yana cewa madalla, madalla da wannan yaro, Allah ya yi wa karatu albarka. Ni ko kallo ban ishe shi ba. Da zai tafi na yunƙura zan raka shi ya ce a'a zauna Malam, ka huta, 'yan wasa suna buƙatar hutu. Gola ne ya raka shi har mota, ina jiyo su suna dariya a waje ban san me yake faɗa masa ba kuma har yau ya ƙi gaya min.

Tsamin dai ya tafi da kansa yadda yaron ya ce. Yanzu duk Juma'a yana gidan Baba da na'urarsa, an ce har abinci ake ajiye masa da nama, ni kuwa in na je gaisuwa ƙannen uwargida sai su ja tebur gefe kafin in zauna.

Saura maganar fulas. Uwargida ta ce cikin kayan garar ta ne kuma irinsa yanzu sai an shiga Sabon Gari an sha yawo, ta ce ba ruwanta da Rasha, wanda ƙafarsa ta fasa shi zai biya. Na ce wa Gola yatsansa ne ya danna don haka rabi nasa ne, da farko ya ce shi bai taɓa komai ba, da ƙaninsa ya ba da shaida sai ya ce to ai don in ƙara ƙarfi ya yi, daga baya ya ce ayabar ma ba ta nuna sosai ba kamar wani ya tambaye shi. Jiya dai ya amince zai ba da rabin in an yi albashi. Mutumin da ba aikin albashi yake ba.